Kawaici: yaushe ne alheri, yaushe ne cuta?

Jama'a, tambayarmu ta wannan Juma'a ita ce: shin kawaici a kullum halin kirki ne? Mun tashi muna jin cewa babba juji ne, kuma mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne. Amma akwai abin da masu binciken dashen ƙoda suka gano a jikin ɗan Adam wanda ya dace mu auna wannan magana da shi.

Allah Ya sanya wa jiki masu gadi, wato fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira garkuwar jiki. Aikinsu shi ne rarrabe ɗan gida da baƙo. Da zarar an dasa wa mutum ƙodar wani sai su far mata, don ba su san ta zo ceton rai ba ne. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda Dokta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Masu gadin ba su ga baƙo ba.

To, ba kowa ke da ɗan tagwai ba. Saura sai dai su riƙa shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwa, kullum, muddin ƙodar na jikinsu. Maganin yana tsare ƙodar, amma yana buɗe ƙofa ga cututtuka, yana iya jawo ciwon suga da hawan jini, wani ma yakan taɓa ƙodar da aka dasa. Ga kuma tsada. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, kuma duk iyalin da suka bi ta nan sun san kashe kuɗi ba ya ƙarewa a ranar tiyata.

Wannan ya sa masana suka waiwayi wasu ƙwayoyi da ake ƙerawa a cikin ɓargon ƙashi. Mu kira su masu lallashi. Ba sa kai hari, aikinsu kwantar da masu kai harin. Suna cinye wani sinadari da sojojin jiki ke buƙata kafin su yaɗu, suna kuma fitar da wasu sinadarai da ke sanyaya su. Ana samunsu da yawa a jinin mai juna biyu, lokacin da jikinta ke ɗauke da ɗan da rabin halittarsa daga uba ne. A gwajin ɓeraye an ga suna taimaka wa gaɓar da aka dasa ta daɗe, an kuma ga suna ƙaruwa a jinin mutanen da aka yi wa dashen ƙoda. Fatan masana shi ne wata rana a koya wa jiki ya karɓi baƙuwarsa ba tare da an kwance masa makamai gaba ɗaya ba. Har yanzu bincike ne fa. Wanda aka yi wa dashe kada ya kuskura ya bar maganinsa.

Ga abin mamakin. An fi sanin waɗannan ƙwayoyi wajen masu ciwon daji. Ƙarin daji yana tara su a kewayensa, su lallashi masu gadi har shi ya samu damar girma. Ƙwaya ɗaya, aiki ɗaya. A nan ta ceci rai, a can ta rufa wa mai kisa asiri. Likitan ƙoda yana son ta ƙaru, likitan daji yana neman yadda zai rage ta.

Kun ga ashe ba a yi wa kawaici hukunci sai an duba abin da ya lulluɓe. Dattijon da ya ce "a bar maganar" don ya kare baƙon da ba shi da kowa, ya yi aikin alheri. Wanda ya faɗi haka don kada a taɓa mai kuɗin da ya zalunci yaron shago, ya ciyar da daji. Wani zai ce, ai ba mu san gaibu ba, ta yaya za mu rarrabe? Akwai ma'auni mai sauƙi: duba wa zai biya kuɗin shirun. In kai za ka biya, haƙuri ne, kuma akwai lada. In wani mai rauni ne zai biya da jikinsa ko haƙƙinsa, sunansa ha'inci.

Maganar ƙoda kanta ta nuna haka. A 2023 kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, kan kai wani saurayi ɗan shekara 21 Ingila don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa. Saurayin ɗan talla ne a titunan Legas, irin yaran da muke gani kullum a bakin kasuwa. Babu mai musun raɗaɗin uban da 'yarsa ke wankin ƙoda. Amma raɗaɗin wani ba ya halatta jikin wani.

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓa bisa sharuɗɗa, ta hana saye da sayarwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta cinikin. Kyautar ƙoda ga ɗan uwa, da yardar rai da amincewar likita, sadaka ce babba. Dillancinta kuwa laifi ne.

Don haka iyaye da iyayen gida, in kun ji ana zuga yaro da tafiya waje tare da gwajin jinin da ba a bayyana dalilinsa ba, nan ba wurin kawaici ba ne. A yi magana, a sanar da Sarkin Hausawa da hukuma. In kuma ɗan uwanmu ne ke kwance, mu taru mu ɗauki nauyin magani, don kada matsi ya kai iyalinsa hannun dillalai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanar da mu inda ya dace mu yi shiru da inda ya wajaba mu buɗe baki. Amin.