Rawani da Maye: Ina Iyakar Rufin Asiri?

Mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, wuri ne da ba ya ɓoye komai, domin direbobi da ƴan dako da dillalan albasa ido biyu suke kwana. A ɗauka wata magariba an ga limamin unguwa, ko faston wata majami'a, yana tangaɗi a bakin kwalta, yara na binsa da ihu. Me ya wajaba a kan jama'a? Su rufa masa asiri, ko su tuɓe masa rawani?

Babu mamaki in abin ya yi wa mutane zafi. Talaka in ya bugu, mutuncin kansa ya zubar. Shi kuwa liman amanar gari ce a hannunsa: shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke sallatar gawa. Alƙur'ani ya haramta giya a Suratul Ma'ida, Manzo Bulus kuma ya gindaya wa Timoti sharaɗin kada shugaban ikilisiya ya zama mashayi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin wannan yanki namu a 1754, bai tsaya ga sukar sarakuna ba, har da miyagun malamai, saboda ya san in jagora ya ɓace, ayari duka ya ɓace. Karin maganar da ke cewa a bi maganar malam a bar aikinsa ba ta aiki a kan yara, don yaro da ido yake koyo kafin kunne.

Amma mu tambayi kanmu: shan ne ya fusata mu, ko ganin da aka yi? Sa'ad da jihar Sakkwato ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, mashaya da dama sun riƙa tsallako iyaka zuwa Ƙonni su sha, su koma gida da mutuncinsu. Ashe sau da yawa idon mutane muke tsoro fiye da laifin kansa. Al'ummar da ke girmama mai sha a ɗaka, ta jefi wanda ƙafarsa ta zame a titi, munafunci take koyarwa, ba tsoron Allah ba.

Magabata sun nuna hanya. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha yi wa bulala saboda giya; da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An zartar da hukunci, ba a yarda da wulaƙanci ba. A Littafin Farawa ma, ƴaƴan Nuhu biyu da baya da baya suka shiga suka lulluɓe mahaifinsu.

Saboda haka a raba mutum da rawani. Rawani na jama'a ne: dattawa su karɓe shi cikin natsuwa, wani ya ja salla har tuba ta tabbata. Mutumin kuwa ɗan'uwa ne: a kore yaran, a kai shi gida, a nema masa magani, kada a yaɗa hotonsa a waya. Mu malaman makaranta, da muke tsayawa gaban allo kullum, ba mu fita daga wannan awo ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.