Mai Tsaro Ya Busa Ƙaho

Karatu: Ezekiyel 33:1-6, 2 Sarakuna 20:1-7

A zamanin annabi Ezekiyel, mutanen gari sukan zaɓi mutum guda su sa shi tsaro. In ya hango magabta, sai ya busa ƙaho. Wanda ya ji ƙahon ya yi kunnen ƙashi, alhakin ransa yana wuyansa. In kuwa mai tsaron ne ya yi shiru, shi za a tambaya.

Akwai magabtan da suke shiga gidajen masu bi ba sallama. Babbansu hawan jini ne, domin yakan yi shekaru yana ɓarna mutum bai ji ciwon komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum ɗaya cikin manya uku yana da shi, kusan rabinsu kuma ba su sani ba.

Cikin alherinsa, Allah ya ba 'yan adam hikimar ƙera masu tsaro. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a damtse ta auna jini, wata ma har ta aika sakamakon cikin wayar hannu. In awo ya yi ta kai 140/90 ko fiye, ƙaho ke nan, lokacin ganin likita ya yi. Akwai ɗan faifan da mai ciwon sukari yake mannawa a hannu har kwana 14, wayarsa tana nuna masa hawa da saukar sukarin. Da wannan, ɗan da yake aiki a Legas yana iya sanin halin mahaifiyarsa a ƙauye.

Waɗansu 'yan'uwa suna ganin awo da shan magani rashin bangaskiya ne, har sukan zubar da ƙwayoyinsu bayan taron addu'a. Su duba sarki Hezekiya. Ya yi kuka ga Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Allahn da ya ji addu'ar, shi ne ya ba da maganin.

Amma na'ura ba likita ba ce, takan kuma yi kuskure. Kada kowa ya ƙara ko ya rage magani saboda lambar da ya gani a waya. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya shiga azumi.

Na'ura tana da tsada, ba kowane gida ne zai iya saye ba. Zumuntar mata ko ta maza tana iya sayen guda, ma'aikacin jinya na cikin ikilisiya ya riƙa auna tsofaffi da gwauraye bayan sujada. Ikilisiyar da ta yi haka ta cika aikin mai tsaro.

Ubangiji ya ba jama'arsa kunnen jin ƙaho. Amin.