Tauraro Ma Haifarsa A Ke Yi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi sammai da ƙasa, Ya ƙawata sama ta kusa da taurari, Ya sanya su alamu ga matafiya da manoma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan arewacin Kano da tsakiyar ɗari, wajen Bici ko Ɗambatta ko Kunci ko Makoɗa, in hazo ya yi sauƙi ya ɗaga kai bayan Lisha, zai ga Kaza da 'Ya'yanta, watau Surayya, ta tsaya kusa da tsakiyar sama, wani jan tauraro kuma yana biye da ita, shi ne Dabaran. Manoman wannan yanki sun san taurarin nan kamar yadda suka san iyakar gonakinsu. Dalili kuwa, ƙasarsu ƙasa ce mai yawan jama'a, gona manne da gona, ba a barin fili ya huta, sai taki da toka ke riƙe da ƙarfinsa shekara da shekaru. Wanda ya kuskure lokacin shuka ya yi asarar irinsa, ba shi kuwa da wata gona a ajiye da zai koma. Don haka tun kakanni a ke lissafin manzilai 28, kowanne kwana 13 ban da Jabaha mai kwana 14. Surayya da Dabaran su ne ƙarshen bazara, daga su sai Haƙa'a ta buɗe damina.

Wannan lissafi ba laifi a cikinsa. Inda ɓarna ta ke shi ne inda mutum zai tashi daga ƙidayar tauraro ya koma jin tsoronsa ko sa rai gare shi. Magidanci ya ga gero bai yi ba shekara biyu a jere, sai a ce masa tauraronsa ne aka danne. Ya kama akuya ɗaya da ta rage, wadda kashinta ne takin gonarsa, ya kai kasuwa, ya miƙa kuɗin ga mai duba don a buɗe masa tauraro. Yarinya ta sami miji na gari, sai a fasa auren wai tauraronsu bai haɗu ba. Nan dukiya ta tafi, imani kuma ya girgiza, wannan kuwa ya fi asarar akuya muni.

To, ga wani labari daga masana ilmin sararin sama da ya kamata mai irin wannan hali ya ji. A jikin sama, ɗan nesa kaɗan da inda Dabaran ya ke, akwai wani tauraro da ido ba ya iya gani, masana sun sa masa suna HL Tauri. Nisansa ya kai matuƙa. Haske yana cin mil 186,000 cikin sakan ɗaya, hasken rana yana isowa ƙasa cikin minti 8 da ɗoriya, amma na wannan tauraro sai ya yi shekara wajen 450 a hanya. A watan Nuwamba na 2014, watau shekarar 1436 Hijira ba ta daɗe da kamawa ba, masana suka fito da hotonsa wanda suka ɗauka da wata na'urar hangen nesa mai suna ALMA, mai faranta 66, wadda aka kafa bisa wani tudu mai tsawon mita 5,000 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, can Amurka ta Kudu. Hasken da na'urar ta kama ya baro tauraron tun kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kusan shekara 200.

Abin da aka gani a hoton ya ba masanan kansu mamaki. Tauraron jariri ne, a ƙiyasinsu bai wuce shekara miliyan ɗaya ba, alhali rana ta haura shekara miliyan 4,500. Kewaye da shi akwai wani makeken faifai na ƙura da iska, mai zobe cikin zobe, kamar faifan da mata ke ɗinkawa da kaba, tsakanin zobe da zobe kuma akwai duhu, kamar kwari tsakanin kunya da kunya. Da yawa daga cikin masana sun tafi a kan cewa duniyoyi ne ke tasowa a cikin waɗannan kwaruruka suna share ƙurar da ke hanyarsu, waɗansu kuwa suka ce canjin sanyi ne ya sa ƙurar ta rarrabu haka. Amma a 2018 aka ɗauki hoton wata jaririyar duniya ƙuru-ƙuru cikin faifan wani tauraro mai suna PDS 70, a 2019 aka ga ta biyu, kowacce ta fi Mushtari nauyi. A watan Yuli na 2025 kuma masana suka ba da labarin wani jaririn tauraro mai suna HOPS-315, inda suka hango ƙwayoyin dutse na farko suna daskarewa daga iska mai tsananin zafi.

Ga yadda masana suka bayyana al'amarin. A sararin sama akwai gizagizai manya na iska da ƙura, masu sanyi da duhu, ƙurar ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Allah Ya sanya wa kowane abu mai nauyi ƙarfin jawo ɗan'uwansa, shi ne ƙarfin da ke dawo da dutse ƙasa in an jefa shi sama. Da wannan ƙarfi wani sashe na girgijen zai riƙa tattaruwa yana matsewa, yana juyawa kamar guguwar bazara. Tsakiyar ta yi ta ɗaukar zafi har ta zama tauraro, abin da ya rage kuma juyi ya baje shi ya zama faifai. A cikin faifan ne ƙwayar ƙura, wadda ta fi garin gero laushi, za ta manne da 'yar'uwarta, su zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, dutse ya zama tsauni mai yawo, har ya yi nauyin da zai jawo na kusa da shi. Kusa da tauraron, inda zafi ya ke, duniyoyin dutse ke samuwa irin wannan ƙasa da Mirrihi da Zara. Can nesa, inda ruwa ke zama ƙanƙara, manyan duniyoyin iska ke samuwa irin Mushtari da Zuhal. Bayan 'yan miliyoyin shekaru sauran iskar ta watse, a bar tauraro da duniyoyinsa suna kewaya shi. Masana sun ce ta haka rana da wannan ƙasa suka samu.

Shaidar wannan ma ta taɓa faɗowa a ƙasar nan. Ran 3 ga Afrilu 1984 wani dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Gujba, wadda yanzu ta ke cikin Jihar Yobe. Da aka auna shi aka tarar ya haura shekara miliyan 4,500, watau guntu ne da ya rage daga faifan rana tun tana jaririya.

To, mene ne rabon Musulmi a wannan labari? Na farko, hujja ce a kan tauhidi. Almajiran zaure da suka karanta littafin tauhidi na Imam Sanusi sun san ƙa'idar da malamai suka kafa, cewa duk abin da ke canzawa fararre ne, duk fararre kuwa ba makawa yana da wanda ya fare shi. Cikin Suratul An'am an ba da labarin yadda Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kafa wa mutanensa hujja da tauraro da wata da rana, ya nuna musu cewa abin da ke faɗuwa ya ɓace bai cancanci bauta ba. Shi ya kafa hujja da faɗuwar tauraro, yau kuma an nuna wa 'yan Adam haihuwarsa. Abin da aka yi wani zamani babu shi, aka tara shi daga ƙura, bai zaɓi lokacin haihuwarsa ba, bai zaɓi girmansa ba, ta ƙaƙa zai mallaki arzikin wani manomi a Tsanyawa ko auren wata yarinya a Minjibir? Jaririn da ke cikin zanen goyo ba ya raba gado.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya yanke wannan magana. Imam Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, haka Buhari da Muslim, cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da gari ya waye bayan sallar Asuba Annabi ya sanar da sahabbai cewa mutane sun kasu biyu a kan ruwan nan. Wanda ya jingina shi ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani, wanda ya jingina shi ga tauraro ya kafirce wa Allah. Ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu kuma aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwar yaron ne, ya hau ya gaya musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi. Muslim ya ruwaito kuma cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa har kwana arba'in. Saboda haka malamai suka raba ilmin taurari biyu. Akwai na sanin lokaci da alƙibla da hanya, wannan halal ne, har abin yabo. Akwai kuma na da'awar cewa tauraro na da tasiri a kan rabon mutum, wannan haram ne. Manomin da ya ce ruwa ya saba zama cikin Zira'a da ikon Allah bai yi laifi ba. Wanda ya ce Zira'a ce ta kawo ruwa ya shiga haɗari.

Na biyu, darasi ne a kan haƙuri. Allah Mai iko ne Ya halitta kome cikin ƙiftawar ido, amma Ya ba da labari cewa cikin kwana shida Ya halitta sammai da ƙasa. Alƙurɗubi da waɗansu malaman tafsiri sun ambata cewa daga hikimar haka akwai koya wa bayi natsuwa da bin al'amari a hankali. Haka Ya halitta ɗan Adam mataki-mataki cikin mahaifa, kamar yadda ya zo cikin Suratul Muminuna. Haka kuma duniya sukutum ta taru daga ƙwayar ƙura. Manomin Kano ya fi kowa sanin wannan sunna, domin mangala bisa mangala ya ke kai taki tun rani, ƙwaya 'yan kaɗan ya ke jefawa a rami, sa'an nan ya jira wata uku kafin ya ga zangarniya. Mai zuwa wurin ɗan duba gajen haƙuri ne ya kai shi, yana neman girbi ba noma. Da kuɗin nan taki ya saya, ko irin gero mai saurin nuna, ya yi addu'a ya dogara ga Allah, da ya bi sababin da Shari'a ta yarda da shi. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, jan kunne ne ga ɓangare biyu. Akwai dattijon da zai ji ɗansa ɗan makaranta yana ba da wannan labari, ya ce ƙarya ce ta Nasara, har ya yi tunanin fid da shi daga makaranta. Ya sani Alƙur'ani da kansa, cikin Suratul Ankabut, ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda Allah Ya fara halitta, ƙarshen Suratu Ali Imrana kuma ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Musulmi sun daɗe da riƙon wannan ilmi, har sunan da Turawa ke kiran Dabaran da shi daga Larabci suka are shi. Akwai kuma saurayin da zai ce tun da an gane yadda duniya ke taruwa, to, ba bukatar Mahalicci. Wannan ya yi kama da wanda ya ga yadda gero ke tsira ya ce ba wanda ya halicci gero. Sanin yadda abu ke gudana bai amsa tambayar wa ya sanya masa doka ba. Wa ya ba nauyi ƙarfin ja? Wa ya ajiye ƙasa a inda ruwanta bai ƙone ba, bai kuma daskare ba?

Haka nan ya kamata masu wa'azi su yi hattara. Cikin Suratu Fussilat an ambata cewa sama ta kasance hayaƙi, waɗansu kuwa suna gaggawar cewa wannan girgijen ƙura a ke nufi. Kamanni akwai shi, abin lura ne kuma, amma malaman tafsiri na farko sun fassara hayaƙin da tururin ruwa, maganar masana kuwa tana karɓar gyara in sabon bincike ya zo. Ba a ɗaure ayar Allah a jikin abin da gobe zai iya sakewa. Ya isa a ce abin da aka gani aikin Allah ne, abin da aka saukar maganar Allah ce, gaskiya kuwa ba ta karo da gaskiya.

Saboda haka, in ɗari ya zo mai karatu ya ga Dabaran yana bin Kaza da 'Ya'yanta, sai ya tuna cewa can kusa da inda ya ke kallo akwai jaririn tauraro kwance cikin faifansa na ƙura, bawa ne mai bukata kamar kowane bawa. Ya ƙidaya manzilansa, ya kai takinsa, ya riƙe akuyarsa, ya kai kukansa ga wanda Ya halicci tauraron.

Allah Ya tsare imanin Musulmi daga shirka, bayyananna da ɓoyayya. Ya ba manoma damina mai albarka, Ya ba yara ilmi mai amfani, Ya jiƙan iyaye da malamai. Amin.