Bashin da Tsofaffin Iyayenmu Mata Suke Binmu



Duk lokacin da wata tsohuwa ta rasu a ƙauyukanmu na Rimin Gado, ko a maƙwabta ta wajen Ƙaraye da Gwarzo, magana ɗaya ce a bakin masu ta'aziyya: ta yi tsawon rai, ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, sai godiya. Gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane ɗa da kowace 'ya su yi wa kansu: mene ne ainihin tunawa da uwa, kuma yaushe ake fara shi?

Bari mu fara duban rayuwar da muke cewa za mu tuna. Matar da ta kai shekara 90 a yau, a zamanin Turawa aka haife ta, ta kuma yi aure kafin Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960. Ta yi noma a gandun gidan mijinta, in an tashi ta wuce gayaunarta. Gyaɗar da aka riƙa jerawa dala-dala a birnin Kano, da gumin irinta a ciki. Da fam da sule ta koyi cin kasuwa, sai a 1973 aka kawo naira da kwabo, ta sake koyon lissafi. A shekarar nan kuma fari ya tsananta a Arewa, rumbuna suka zama wayam. Ita ta san yadda aka yi mudu ɗaya ya ciyar da gida, ita ce kuma mai ci daga ƙarshe, in an rage. Da aka buɗe karatun firamare kyauta a 1976, da kuɗin ƙuli-ƙuli da daddawa ta saya wa yara riga da littafi, ko da yake ita kanta ba ta taɓa shiga aji ba.

Haka yake a wajen bangaskiya. Kafin Roma ta ware Kano daga Kaduna a 1991, ta kuma ɗaukaka ta zuwa dayosis a 1999, ƙauyuka da yawa ba sa ganin Fada sai jefi-jefi. Katikis da iyaye mata ne suka riƙe addu'a a tsakani. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Yawancinmu, in za mu faɗi gaskiya, a cinyar wata tsohuwa muka koyi alamar gicciye.

To, yaya muke biyan wannan bashi? A gidaje da yawa, da zarar ƙarfinta ya ƙare, sai a bar ta a ɗakin da yake yoyo. 'Ya'ya suna Sabon Gari ko Kaduna ko Abuja, ba a ganinsu sai Kirsimeti. In tsufa ya taɓa hankalinta, ta fara mantuwa tana magana ita kaɗai, sai a soma raɗa cewa mayya ce, a hana jikoki shiga wurinta, alhali ciwo ne da yake bukatar likita da haƙuri. Ran da ta cika kuwa, sai kowa ya farka. A ajiye gawa a asibiti makonni, a ɗinka anko, a buga hotonta a riguna da kalanda, a yanka sa, a ci bashi. Kuɗin da aka kashe a yini ɗaya ya isa ya gyara rufin ɗakinta, ya saya mata magani na shekaru. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Wani zai ce, “Fada, rayuwa ta yi tsada, ga kuɗin makaranta, ga haya, kuma laifi ne a yi wa uwa jana'iza ta mutunci?” Ba laifi ba ne. Binne matattu aikin jinƙai ne, kuma akwai 'ya'ya, musamman mata da surukai, da suka yi shekaru suna wanke tsohuwa suna ba ta abinci a baki ba tare da kowa ya yaba musu ba. Amma mu tambayi zuciyarmu: bikin nan domin wa ake yi? In domin idon jama'a ne, to kanmu muka girmama da sunanta. Talauci yana iya hana mutum aika kuɗi mai yawa, amma ba ya hana gaisuwa da ziyara.

Tushen kuskuren shi ne muna auna darajar mutum da aikin da yake iya yi. Muddin tana daka tana reno, uwa ce. Da ta kasa, ta zama kaya. Amma darajarta ba daga turmi ta fito ba, daga Allah ne wanda ya halicce ta cikin siffarsa. Doka ta huɗu, wadda ta umarce mu mu girmama iyaye, ba ta da ranar ƙarewa. Domin haka ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, yana da shekara 79, ya rubuta wa tsofaffi wasiƙa a 1999, Paparoma Faransis kuma ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli tun daga 2021 domin kakanni da tsofaffi.

Saboda haka tunawa ta gaskiya tun tana raye ake fara ta. Ka zauna a tabarmarta, ka tambaye ta sunayen kakanninku da inda suka taso, ka rubuta, domin ran da ta tafi ba mai sauran faɗa maka. Ka kai mata jikokinta. Ka kira Fada ya kawo mata Jibin Ubangiji da shafewar marasa lafiya tun tana gane mutane, kada ka jira sai numfashi ya sarƙe. Zumuntar Mata kuma ta riƙa leƙa tsofaffin da ba su da kowa, har da na maƙwabtanmu Musulmi.

Bayan mutuwa fa? A shekara ta 387, Waliyiya Monika tana bakin mutuwa a Ostiya, nesa da ƙasarta ta Afirka, ta gaya wa Agustin da ɗan'uwansa kada su damu da inda za a binne ta. Abin da ta roƙa kawai shi ne su riƙa tunawa da ita a gaban bagade. Uwa, komai kirkinta, 'yar Adam ce mai bukatar jinƙai. Addu'a za ta amfane ta fiye da yabo. Mu sa a yi mata Misa, mu tuna da ita ran 2 ga Nuwamba. Sa'an nan mu riƙe halinta: ƙofar da ba ta rufe wa baƙo ba, kada mu rufe, zumuncin da ta ɗinke, kada mu yage shi a kan gonar gado.

Wanda uwarsa ko kakarsa take da sauran numfashi, kada ya bari makon nan ya wuce bai je ba. Yaranmu suna kallon yadda muke yi da ita, kuma haka za su yi da mu.

Allah ya ba iyayenmu da suka riga mu madawwamin hutu, ya ba waɗanda suke raye tsufa mai daɗi a hannun 'ya'yansu. Amin.