Yaron da ya ajiye littafi ya ɗauki ƙwallo

A daren 20 ga Fabrairu 2019, jami'ar Duke ta kara da ta North Carolina a wasan ƙwallon kwando. Mutane sun sayi tikiti da dubban daloli, har Barack Obama yana cikin 'yan kallo. Ba a yi minti ɗaya da farawa ba takalmin Nike da ke ƙafar Zion Williamson ya yage, ya zame ya gurɗe gwiwa. Shekarunsa 18. A zauren nan koci yana da albashi, gidan talabijin yana da talla, mai sayar da lemo ma yana da cinikinsa. Yaron da aka zo kallo kuwa doka ta hana shi karɓar ko sisi, ban da karatu da abinci da wurin kwana. Allah ya taƙaita, raunin bai yi tsanani ba. Bayan wata huɗu ya bar jami'a, aka ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA.

Duk lokacin da irin haka ta faru sai ka ji ana cewa yaro ya sayar da ilimi ya sayi duniya. Mu da muka tashi muna jin ilimi gishirin zaman duniya, maganar tana saurin shiga kunnenmu. Ni dai ina ganin an ɗora laifin a kan wanda bai dace ba.

Da farko, yawancin fitattun yaran nan ba karatu ne ya kai su jami'a ba, doka ce. Tun daga zaɓen 2006, NBA ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya kai shekara 19 a shekarar zaɓen, kuma ɗan Amurka sai ya yi shekara guda da gama sakandare. Kafin nan Kobe Bryant da LeBron James daga sakandare suka wuce kai tsaye. Da aka toshe wannan hanya, sai jami'a ta zama zangon kwana ɗaya: Kevin Durant ya yi shekara guda a Texas, Anthony Davis shekara guda a Kentucky. Wanda aka tilasta wa shiga aji, da wane baki za a tuhume shi da cin amanar aji? Jami'o'in ma sun san abin da suke ciki. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta sayar da haƙƙin nuna gasarta ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan akwai maganar lokaci, wadda a wurina ta fi komai nauyi. Ƙwaƙwalwa tana jira, gwiwa ba ta jira. Ɗan wasa yana da 'yan shekaru ƙalilan da jikinsa ke kan ganiya, kuma faɗuwa ɗaya na iya ƙarar da su. Digiri kuwa gemu ba ya hana shi. Michael Jordan ya bar North Carolina a 1984, ya koma ya kammala a 1986. Shaquille O'Neal ya bar LSU a 1992, ya karɓi digirinsa a 2000. Stephen Curry ya bar Davidson a 2009, sai 2022 ya gama. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ma bai jira shekararsa ta ƙarshe a Houston ba, kuma shi aka fara ɗauka a 1984. Ga wanda ya fito daga gidan da ake kwana da yunwa, jira ba ƙaramin abu ba ne. Spencer Haywood, wanda shari'arsa ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1971 ta buɗe wa na baya wannan ƙofa, ɗan mai tsinkar auduga ne a Mississippi. Ce wa irinsa ya ƙara haƙurin shekara biyu, ce wa mahaifiyarsa ne ta ƙara shekara biyu a gona.

Ba ina raina wanda ya tsaya ba. Tim Duncan ya yi wa mahaifiyarsa alkawari kafin ta rasu cewa zai gama jami'a, ya yi shekara huɗu cur a Wake Forest alhali ƙungiyoyi suna zawarcinsa. Cika alkawari ne, kuma abin yabo. Amma alkawarinsa ne shi kaɗai, ba a ɗaukarsa a rataya wa kowa.

A sana'armu ta rubuta manhaja muna da namu masu barin makaranta, kuma tafi muke yi musu. Bill Gates ya bar Harvard a 1975, Mark Zuckerberg ya bar ta a 2004, ba wanda ya ce sun wulaƙanta ilimi, hangen nesa ake kira. Me ya sa idan yaro baƙar fata daga unguwar talakawa ya yi lissafi iri ɗaya sai a kira shi kwaɗayi? Sai dai akwai bambanci tsakaninsu wanda ba a cika faɗa ba. Gates hutun karatu ya ɗauka. Da Microsoft ta rushe, kujerarsa tana nan tana jiransa, iyayensa kuma masu hali ne.

Ɗan ƙwallon kwando ba haka yake tafiya ba. Gurbi kusan 60 ne kawai a zaɓen kowace shekara, ana kuma rububinsu da 'yan Turai da Afirka, kuma waɗanda aka ɗauka a zagayen farko ne kaɗai ke da tabbacin kwantiragi. Wanda ya bar sunansa a jerin har wa'adin janyewa ya wuce ya rasa damar buga wa jami'a, tallafin karatun kuma a kan wasan yake rataye. Idan ba a kira sunansa a daren ba, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Duk sunayen da na lissafa a sama na waɗanda suka dace ne, shi ya sa ma muka san su. Wanda dillali ya hure wa kunne, dangi suka riga suka fara rabon kuɗin da bai zo ba, ya ƙare yana yawon ƙananan ƙungiyoyi daga wannan ƙasa zuwa waccan, ba mai tuna shi. A kansa tambayar take da nauyi, kuma ba shi ya kamata ya amsa ta ba. Ɗan shekara 19 da ya cika ƙiyasta kansa bai yi abin mamaki ba. Makarantar da ta cika zaurenta da guminsa, sannan ta kulle ƙofa da zarar ya juya baya, ita ce ke da bayani.

Abubuwa sun ɗan sauya. Daga Yulin 2021 an yarda 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu, daga 2025 kuma jami'o'i na iya biyansu kai tsaye, don haka wanda ke shakkar za a ɗauke shi yana iya zama ya ƙara shekara ba tare da yunwa ta kore shi ba. Tun 2019 ma an wajabta wa manyan jami'o'i biyan kuɗin karatun ɗan ƙwallon kwando da ya tafi ya dawo kafin shekara goma. Amma da sharaɗi: sai wanda ya yi aƙalla shekara biyu a makarantar kafin ya tafi. Yaron shekara guda, wanda dokar 2006 ta tura jami'a ba da son ransa ba, ba ya cikin lissafin.