Idon Mai Shan Maganin Tarin Fuka Amana Ne

Ya 'yan'uwa mutanen Sifawa, a garin nan Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa har littafi ya wallafa a kan ciwon ido da maganinsa. Magabatanmu ba su ɗauki kula da ido wasa ba.

Maganin tarin fuka da ake bayarwa kyauta na wata shida ne. A wata biyun farko magani huɗu ake haɗawa, ɗaya daga cikinsu sunansa ethambutol. Yana aiki, Allah Ya sa masa albarka. Amma a jikin wasu, musamman mai ciwon ƙoda, yakan taɓa jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Sai dai mutum ya buɗe Alƙur'ani ya ga wasula sun dushe, ko ya kasa bambance jan tumatir da ɗanye, galibi a ido biyun. A nan ne muke ɓata lokaci: wannan ya ce sammu ne, waccan ta kawo kwalli, wata ta ɗiga nono. Mai cutar kuma ya yi shiru don kada a san yana da tari. Haba jama'a!

Wallahi ɓoyewar nan zalunci ce ga kai. Idan aka gano da wuri likita ya cire maganin, da yawa ganinsu kan dawo. Idan aka yi jinkiri, yana iya tafiya ke nan. Don haka ranar da ka ga hazo, ranar za ka koma wurin ma'aikacin da ke ba ka magani. Kada kuma ka watsar da maganin ka kwanta gida, tarin zai dawo da taurin kai, ya kama iyalinka.

Kuma ba kowane dushewa ne laifin magani ba. Idan ido ɗaya ne, yana zafi in an juya shi, wani lokaci farkon wata cuta ce da likitoci ke kira MS, inda garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyi. Ba a cika samunta a ƙasarmu ba, ta fi yawa a Turai, ta kuma fi kama mata masu ƙuruciya. Rarrabe su aikin likitocin ido ne, ga su nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Magidanta, ku ba matanku izni da kuɗin mota su je asibiti. Ku tafi da kwalin maganin a hannu, likita zai nemi ganinsa.