Ruwan Tulu da Furen Yini Ɗaya

Akwai wani tsiro da masana ke kira Hemerokalis, sunan da Karl Line, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya tabbatar masa a shekarar 1753. An harhaɗa sunan ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin yini, ɗaya na nufin kyau, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Furen yakan buɗe da safe, rawaya ko ja ko ruwan goro, faɗinsa kamar tafin hannu. Idan dare ya yi sai ya yanƙwane, kashegari a tsinke shi a yar. Asalinsa ƙasashen Sin da Koriya da Japan ne. Daga can ya isa Turai, ya ƙetara Amurka, inda a 1946 masu sha'awarsa suka kafa masa ƙungiya, wadda ta rubuta sunayen dubun-dubatar ire-irensa da aka samu ta hanyar barbara. Mutum ya gyara ƙasa, ya zuba taki, ya yi ta ban ruwa shekara guda cur, ladansa kuwa fure ne da ba ya kwana.

Ban kawo zancensa domin in ce a cika gidajen Tama da shi ba. Tsiro ne mai jimiri, saiwoyinsa masu kauri suna ajiye ruwa, amma zafin bazarar Adar, lokacin da awo ke haura 40, da busasshiyar iskar hunturu, ba irin gidan da ya saba da shi ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar da yake jefo mana: shin ya dace mutum ya zuba ruwa ga abin da ba a ci, ba a sayarwa, ba ya ma daɗewa, a ƙasar da ruwa ke shigowa gida bisa kan mace ko bisa bayan jaki?

Mai cewa bai dace ba yana da hujja mai nauyi, kuma ba za a kore ta da murmushi ba. Damina a yankin Buza da Keita da Madawa wata uku ce, in an yi sa'a huɗu. Dattawan wurin sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984, matasa ma sun ga yunwar 2005. Lita 20 da aka zuba wa fure, da ta isa shayar da awaki, ko raya kwami ɗaya na albasa a garka, albasar da ake lodawa a manyan motoci daga Galmi da Madawa zuwa Gana da Kodebuwa ta dawo wa manomi da kuɗin hatsi. Malamai kuma sun hana almubazzaranci da ruwa ko da wajen alwala ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji masu iya magana, kuma wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka ba shi da idon kallon fure.

Wasu sukan ƙara da cewa raya fure ma ba al'adarmu ba ce. Wani Baturen Ingila, Jak Gudi, wanda ya daɗe yana nazari a arewacin Gana, ya wallafa littafi a 1993 a kan matsayin fure a al'adun duniya, inda ya lura cewa a Afirka kudu da Sahara ba a cika shuka fure don ado ba, ba a kuma cika ba da shi kyauta ba. Abin da ya gani gaskiya ne gwargwadon inda ya duba. Ango a ƙasar Hausa goro yake kaiwa, ba damin fure ba. To amma da ya leƙa bayan ɗakin tsohuwa, da ya tarar da bishiyar lalle, wadda ake kare ta daga awaki, ana zuba mata ruwa da rani, alhali ba a miya da ita. Ganyenta ake dakawa, mace ta kwana da ƙafa a ɗaure, ta jure ƙaiƙayi da sanyi, don jan da zai koɗe cikin ƴan makonni. Ba mu taɓa jin an kira wannan wauta ba. Haka nan zanen da ake yi wa bangon ƙasa, wanda damina biyu ke cinyewa, da kitson da ake wuni ana yi a kwance shi bayan sati biyu. Ashe Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ana wahala don kyan da ba ya zama. Wurin da ya ajiye kyan ne ya bambanta da na Basine ko Bature.

Batun baƙunta ma ba ya tsayawa da ƙafarsa. Dogon yaro daga Indiya ya zo, yau kuwa wa zai iya tuna kasuwa ko ƙofar makaranta ba tare da inuwarsa ba? Shi aka fara jerawa a kwarin Majiya a 1975, layi biyu-biyu da tazarar kimanin mita 100, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza, don a karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Ƙasa ba ta tambayar tsiro asalinsa. Abin da take tambaya shi ne ko zai iya zama da ita.

Saura hujjar rashin daɗewa, wadda a ganina ita ce mafi rauni duk da ta fi saurin shiga kunne. Manomi ya fi kowa sanin furen yini ɗaya, ko da bai taɓa jin sunan Hemerokalis ba. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe. Haka na rama da na yakuwa. Na kabewa ko azahar ba ya kaiwa. Na kuka da dare yake buɗewa, jemagu su ziyarce shi, kafin wani daren ya lalace, ga shi kuwa uwarsa na iya shekara ɗaruruwa a tsaye. Duk kuɓewar da ta shiga tukunya ta biyo ta ƙofar wannan yini guda. Shi ma Hemerokalis haka yake: kara ɗaya na ɗauke da ƙullin fure masu yawa, yau wannan ya buɗe, gobe wancan, har tsawon makonni, gindin kuwa yana nan shekara da shekaru. Mai kula da shi saiwa yake yi wa hidima. Bayan shekara uku zuwa biyar sai gindin ya cunkushe, furen ya ragu, dole a tono shi a rarraba, a sake dasawa ba tare da an binne wuyansa da zurfi ba. Abin da ya yi saura kuma maƙwabta ake ba. Tsiro ne da ba ya lafiya a hannun marowaci.

Mutanen Sin ma ba su yarda da katangar da muke ginawa tsakanin kyau da amfani ba. Suna tsinke ƙullin furen kafin ya buɗe, su shanya, su zuba a miya kamar yadda muke yi da busasshiyar kuɓewa. Tun zamanin da suna kiransa ciyawar manta baƙin ciki, suna shuka shi kusa da ɗakin uwa, domin ta riƙa kallo idan ɗanta ya yi tafiya mai nisa. Duk wanda ya san yadda ƙauyukan Adar ke zama bayan girbi, samari sun tafi cin rani Abijan ko Libiya ko Nijeriya, an bar mata da tsofaffi da yara, ba zai yi wa wannan al'ada dariya ba.

Idan haka ne, matsalar ba a jikin furen take ba. Tana wurin wanda ya ɗauko ruwan. A nan nake son malamai ƴan uwana su tsaya kaɗan. A makarantu da yawa akwai ƴan furanni kewaye da sandar tuta, an zagaye su da duwatsu masu farar ƙasa, don idon mai duba makarantu ko wani baƙo daga Tawa. Wa ke shayar da su? Galibi ƴan mata ne, waɗanda tun da asuba sun riga sun yi sawu biyu zuwa rijiya kafin su zo aji, a sake tura su da jarka lokacin da takwarorinsu maza ke wasa. Irin wannan fure ba ya koya wa yarinya son kyau. Abin da take koya shi ne cewa kyau na manya ne, wahalarsa tata. Haka maigidan da ya ga furanni a wani gida a Yamai, ya zo da su ya dasa, ya bar wa matarsa ƙarin tulu biyu kullum ba tare da ya tambaye ta ba. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi wannan ya ci zomon, wata ta ci gudun.

Matan yankin ba baƙin wannan rabo ba ne. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da goyon bayan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a fako, suka dasa miliyoyin itatuwa, mata ne, ana biyansu da abinci. Macen da ta mai da fako kore ba ta bukatar a yi mata lacca a kan darajar ruwa. Idan irin wannan mace ta ga dama ta keɓe moɗa ɗaya don wani tsiro a gindin randarta, saboda kawai yana faranta mata rai, ban ga malamin makaranta ko ma'aikacin wata hukuma da ya isa ya ce mata ta yi ɓarna ba.

Kuma gida yana da ruwan da ba shi da mai shi. Ƙasari na awaki ne, ba a taɓa shi. Amma ruwan alwala, da wanda ke tsatsafowa daga gindin randa, da na ɗaurayar kwano marar sabulu, duk ƙasa suke shiga a banza, kuma sun isa su riƙe lalle ko zogale ko ɗan gindin fure a inuwar danga. Wanda kuma ba ya son zuba ko ɗigo, daji ya tanadar masa nasa. Albasar kwaɗi tana kwance a ƙarƙashin ƙasa rani duka, ba mai shayar da ita, sai ruwan fari ya sauka ta fito da fararen furanni masu ratsin ja a bakin fadama, su yi ƴan kwanaki su shuɗe, daidai lokacin da kowa ya sunkuya yana shuka hatsi. Makarantar da ta tono ƴan kawunanta ta binne kewaye da tuta ba za ta aiki yarinya rijiya ba, kuma furen zai fito kafin a tafi babban hutu idan damina ta faɗi da wuri.